Kotu ta yi hukunci, gwamnati ta yi kunnen ƙashi: wa zai tilasta mata?

Ɗan Wunti: Assalamu alaikum jama'a. Barista, ga tambayar da ke ta yawo tun jiya ba wanda ya amsa. In mutum ya kai gwamnatin Najeriya kotun ECOWAS da ke Abuja ya yi nasara, wa ke zuwa ya karɓo masa haƙƙinsa? Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kotun nan ta ce a sake shi a watan Oktoban 2016, ta kuma yanke masa diyyar naira miliyan 15, amma bai fito ba sai 24 ga Disamban 2019. Shekara uku da wata biyu har da ɗoriya. To kotu ce ko majalisar ba da shawara?

Barista Fadamar Mada: Wa alaikumus salam. Kotu ce, hukuncinta kuma wajibi ne a kan ƙasashen ƙungiyar, ba a ma ɗaukaka ƙara a kansa. Matsalar tana wajen zartarwa. Kotun ba ta da ɗan sanda ko ɗaya, ba ta da gidan yari, ba ta da masu zuwa su ɗaga kaya. Ƙarin yarjejeniyar 2005, wadda ta buɗe wa mutum ɗaya ƙofar kai ƙara kan tauye haƙƙi, ta tsara abin kamar haka a sashe na 24: magatakardan kotu zai fitar da takardar zartarwa, ya aika wa hukumar da ita ƙasar ta zaɓa da kanta, hukumar ta duba cewa takardar daga kotun ta fito, sannan a zartar bisa ƙa'idojin shari'ar cikin gida. Najeriya wa ta zaɓa? Antoni Janar na Tarayya. Wato ofishin da ya tsaya ya kare gwamnati a shari'ar, aka kayar da shi, shi ne za a miƙa wa takarda a ce ya tilasta wa gwamnati ta biya. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Ɗan Wunti: In ya ajiye takardar a durowa fa?

Barista Fadamar Mada: Sai ka koma kotunan gida, a nan kuma sashe na 12 na kundin tsarin mulki zai tare ka. Ya ce duk yarjejeniyar da Najeriya ta ƙulla da wata ƙasa ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Yarjejeniyoyin da suka kafa kotun ECOWAS kuwa majalisa ba ta yi musu haka ba. Lauyan gwamnati zai miƙe ya ce ya mai shari'a, wannan hukuncin ba ka da hurumin zartar da shi. Ba mu kaɗai ba ne, a Ghana ma wata babbar kotu a Akara ta ƙi zartar da hukuncin kotun a 2016 da irin wannan hujjar. Abin da ya rage shi ne takunkumi daga shugabannin ƙungiyar ƙarƙashin sashe na 77 na babbar yarjejeniyar ECOWAS ta 1993. Wane shugaba ne zai ɗaga hannu a sa wa Najeriya takunkumi, alhali hedikwatar na Abuja, kaso mafi tsoka na kuɗin ƙungiyar kuma daga nan yake fita?

Malam Gwallaga: Barista, Allah ya ƙara basira, amma ni ina da ja. Wannan abin da kuke kira dokar ƙasa da ƙasa, wa ke bin ta a duniya? A 1986 Kotun Duniya ta samu Amurka da laifi kan Nikaragwa, Amurka ta ce ba ruwanta, da aka kai maganar Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ta hau kujerar naƙi. A 2003 aka afka wa Iraƙi ba da izinin kwamitin ba. A Nuwamban 2024 kotun ICC mai hukunta manyan laifuka ta duniya ta ba da sammacin kama Netanyahu, a Afrilun 2025 Hungari, wadda mamba ce a lokacin, ta shimfiɗa masa jan kafet. Mongoliya ma haka ta karɓi Putin a 2024. To don me mu za a ce mun yi abin kunya? Sannan kada a manta, ita wannan kotun ta ECOWAS ce a Afrilun 2025 ta ce wasu sassan dokokin Kano kan ɓatanci sun saɓa wa yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam. Shi ma mu bi?

'Yar Misau: Malam, a gafarce ni, maganarka ta farko gaskiya ce, manyan ƙasashe na taka dokar son ransu. Amma duba wa ke cin ribar wannan hujjar a nan gida. Ba Amurka gwamnati ke bijire wa ba in ta ƙi sakin wanda kotu ta ce a saka, ɗan ƙasarta take dannewa. Kuma ka ajiye kotun ECOWAS gefe, ka ɗauki kotunanmu. Ranar 2 ga Disamban 2016 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a Gabriel Kolawole, ta ce a saki Zakzaky da matarsa cikin kwana 45, a ba su naira miliyan 50. Ba a sake su ba sai Yulin 2021 da babbar kotun Kaduna ta sallame su. Ko ka yarda da aƙidar mutumin ko ba ka yarda ba, alƙalin Najeriya ne ya yi hukuncin da dokar Najeriya. Shi Dasuki ma kotunan gida sun ba shi beli ba sau ɗaya ba. Hannun da ya ture takardar ECOWAS shi ne dai ya ture ta Babbar Kotun Tarayya.

Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam kuma ba baƙuwa ba ce. Shugabannin Afirka ne suka amince da ita a Nairobi a 1981, majalisarmu ta mayar da ita doka a 1983 zamanin Shagari. A shari'ar Abacha da Fawehinmi a 2000 Kotun Ƙoli ta ce tana sama da dokokin majalisa na yau da kullum, tana ƙasa da kundin tsarin mulki. Za ka iya kafa hujja da ita a babbar kotun jiha nan Bauchi gobe da safe.

Malam Gwallaga: Ba ki amsa ta Kano ba, 'yata.

'Yar Misau: Ƙasar da ba ta gamsu da hukunci ba tana da hanyoyi a bayyane, Malam. Ta nemi kotun ta fassara ko ta sake duba hukuncin in akwai sabuwar hujja, ko ta nemi a gyara yarjejeniyar, ko ta fice gaba ɗaya kamar yadda Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice a Janairun 2025. Duk waɗannan abubuwa ne da ake yi a fili, jama'a su gani su yi muhawara. Abin da muke kuka da shi daban ne: a zauna a ciki, a aika lauya ya yi shari'a har ƙarshe, in an ci a yi murna, in an faɗi a yi gum. Ba sanarwa, ba bayani ga majalisa, ba wanda aka tambaya.

Barista Fadamar Mada: Bari in ƙara mata da misalai biyu da ke nuna ana bi in an ga dama. Bakasi: Kotun Duniya ta ba Kamaru a ranar 10 ga Oktoban 2002, Obasanjo ya sa hannu a yarjejeniyar miƙawa a Yunin 2006, aka kammala miƙawa 14 ga Agustan 2008 zamanin 'Yar'adua, duk da Majalisar Dattawa ta yi ƙorafi a 2007 cewa ba a kawo mata yarjejeniyar ba. Yanki sukutum mai arzikin mai da kifi aka bayar, saboda wanda ya yi nasara ƙasa ce mai abokai. Na biyu, Hadijatou Mani a Nijar, wadda aka sayar a matsayin baiwa tana yarinya. Kotun ECOWAS ta yanke mata sefa miliyan 10 a 2008, gwamnatin Nijar ta biya. Ita dai Nijar ɗin, da kotun ta ce a saki Bazoum a Disamban 2023, sojoji ko kallo ba su yi ba. Mu kuma da muka fi kowa ɗaga murya a kan hakan, gwano ba ya jin warin jikinsa.

Na Toro: To a sauko ƙasa. Mutumin ƙauye da aka kama ɗansa aka ajiye wata biyu ba kotu, Abuja ta yi masa nisa. Me zai yi a nan?

'Yar Misau: Yaya, wannan ma ba sai an je ECOWAS ba. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a, shi ma a sashen yake. Ƙarar ana shigar da ita ƙarƙashin ƙa'idojin kare haƙƙi na 2009, a babbar kotun jiha ko ta tarayya. Takardu huɗu ne: takardar buƙata, bayanin wanda ke ƙara da abin da yake nema, takardar rantsuwa, da rubutacciyar hujjar lauya. Tunda mai ƙarar na tsare, uba ko ɗan'uwa da ya san abin da ya faru zai iya yin rantsuwar a madadinsa. Ba a neman izinin kotu kafin a shigar, ba a kuma cewa lokaci ya ƙure. Wanda ake ƙara yana da kwana 5 ya mayar da martani, ƙa'ida ta ce a sa ranar sauraro cikin kwana 7.

Inda ake faɗuwa guda uku ne. Na ɗaya, rantsuwa marar ƙwari. A rubuta “an kama shi tun da daɗewa” maimakon rana, lokaci, wuri, ofishin da aka kai shi, ranakun da aka je neman beli da abin da aka ce. Na biyu, kuskuren wanda ake ƙara. Ofishin 'yan sanda na unguwa ba mutum ba ne a idon doka, sai a sa Kwamishinan 'Yan Sanda ko Sufeto Janar tare da jami'in da ya yi kamun. Na uku shi ne mafi ciwo: da sun ji an shigar da ƙara sai su ruga kotun majistare su karɓo takardar ajiya. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce ajiyar kwana 14 ce, a ƙara 14 in an kawo dalili, bayan haka sai mai gabatar da ƙara ya zo ya bayyana dalilin da zai hana a saki mutum. Amma in ba lauya da ke bibiya, fayil ya kwanta ke nan ana cewa ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi hukumar ba da tallafin shari'a ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, duka suna da ofis a jihohi.

Na Toro: Alƙali ya ce a sake shi, suka ƙi. Sai me?

Barista Fadamar Mada: Sai raina kotu. A karɓi kwafin umarnin mai hatimi, a haɗa da fom 48, wanda ke gargaɗin cewa in ba a bi ba gidan yari ne. In an ci gaba da ƙi sai fom 49, a zo a faɗi dalilin da zai hana a ɗaure mutum. Sharaɗin shi ne a miƙa wa jami'in hannu da hannu, don ɗauri ake nema. A nan ne gizo ke saƙa. Ma'aikacin kotu zai je ƙofa a ce oga ba ya nan, ya koma a ce ya tafi Abuja. Dole lauya ya koma ya nemi izinin miƙawa ta wata hanya, kamar liƙawa a ƙofar ofis ko ba sashen shari'a na hukumar. In an samu umarnin ɗaurin ma, wa zai kamo shi? Yaransa. Shugaban ƙasa da gwamna da mataimakansu kuwa sashe na 308 ya ba su rigar kariya, ba a ma fara wannan da su. Sashe na 287 ya ce kowace hukuma da kowane mutum dole su zartar da hukuncin kotu, amma a Agustan 2018 shugaban ƙasa na lokacin ya tsaya gaban taron lauyoyi na ƙasa ya ce tsaron ƙasa na gaba da bin doka. Duk wani ƙaramin jami'i ya ji wannan saƙon.

Tsohon Odita: Ku lauyoyi kun tsaya kan ɗauri, ni bari in bi kuɗin, don a nan ake gane ko akwai mai tsoron tambaya. Ka ci gwamnati diyya, ka nemi kotu ta riƙe kuɗinta a banki, abin da kuke kira ganishi. Kotu ta ba da umarnin wucin gadi, a kai wa banki da wanda ake bi bashi aƙalla kwana 14 kafin zama, in ba hujja a tabbatar da umarnin banki ya biya. Sai dai sashe na 84 na dokar zartar da hukunci ya ce in kuɗin na hannun jami'in gwamnati sai Antoni Janar ya yarda. Wanda ake bi bashi ke nan ake roƙo ya ba da izini a taɓa aljihunsa. Tun 2015 da aka tattara kuɗaɗen tarayya a asusun bai ɗaya a CBN, wato Babban Bankin Najeriya, gardamar ta koma ko CBN jami'in gwamnati ne ko banki. A shari'ar Interstella a 2017 Kotun Ƙoli ta ɗauke shi a matsayin banki, amma har yau ana jan iyakar wannan hukuncin a kotuna.

Yanzu duba ɗaya gefen. Sashe na 38 na dokar CBN ta 2007 ya ce rancen da bankin zai ba gwamnati kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar bara, a kuma biya kafin shekara ta ƙare. Rancen ya taru ya kai naira tiriliyan 22.7. Majalisar da ya kamata ta kira mutane ta tambaye su ƙarƙashin sashe na 88 me ta yi? A Mayun 2023 ta amince a mayar da shi bashi na dogon zango. Diyyar talaka ta naira miliyan biyu sai an nemi izini, tiriliyoyi kuwa sai bayan an kashe ake kawo takarda.

Hajiyar Azare: Baba, ai rahoton odita ma haka yake. Sashe na 125 na kundin tsarin mulki ya ba babban mai binciken kuɗi na jiha kwana 90 daga ranar da akanta janar ya miƙa masa lissafi. In akanta bai miƙa ba, agogon bai fara ba. Rahoton ya iso majalisa bayan shekara biyu ko uku, wanda ya sa hannu a baucan ya yi ritaya ko ya zama ɗan majalisar da zai duba rahoton.

Tsohon Odita: Haka ne Hajiya. Ƙara da cewa odita ba ya kama kowa, ba ya gurfanar da kowa. Nasa ya rubuta tambaya, kwamitin majalisa mai duba asusun gwamnati ya kira ma'aikata. Hukumomin gwamnati masu cin gashin kansu ma kundin bai ba shi damar bincikar littattafansu kai tsaye ba, sai dai ya ba su jerin sunayen masu bincike su zaɓa, ya yi tsokaci a kan abin da aka kawo.

Hajiyar Azare: Ni abin da ya fi tsaya min shi ne na ƙananan hukumomi, don shi ya shafi asibitin karkara da albashin malamin firamare. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi. Kotun da babu ta sama da ita fa. Aka shiga kafa kwamiti, aka shiga maganar buɗe asusu a CBN, watanni suka yi ta shuɗewa. Gwamnoni kuma suka yi abin da suka iya, zaɓe. A Gombe a Afrilun 2024 APC ta kwashe duka 11, nan Bauchi a Agusta PDP ta kwashe duka 20. Kada wani ya ce min matsalar jam'iyya ce. Hukumar zaɓen jiha gwamna ke naɗa ta, shi ke ba ta kuɗi. Ciyaman da ya hau ta wannan hanyar, ko kuɗin sun shigo asusunsa kai tsaye, waya ɗaya ta ishe shi ya mayar.

Ɗan Wunti: Majalisa fa? Ba ita ce birki ba?

Barista Fadamar Mada: Birkin da ba a ƙirga shi. Da aka sa dokar ta-ɓaci a Ribas ranar 18 ga Maris 2025, sashe na 305 na buƙatar kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisa, wato sanatoci 73 cikin 109 da wakilai 240 cikin 360. Aka amince da murya, masu cewa e su ce e. Ta yaya kunne ke ƙirga 240? Ba ina maganar ko dokar ta dace ba ne, ina maganar cewa mutumin Katagum ko na Dass ba shi da takardar da zai duba ya ga me wakilinsa ya zaɓa. Mu ma nan ba mu manta Yunin 2019 ba, da 'yan majalisar jiha da ba su kai rabin 31 ba suka zaɓi kakaki.

Malam Gwallaga: Wannan kam na yarda da ku. Amma har yanzu ina kan bakana cewa gyaran na cikin gida ne, ba alƙalin waje zai kawo shi ba.

'Yar Misau: Ai ba mu yi nisa da juna ba, Malam. Ita kotun ICC ma ƙa'idarta ke nan, ba ta shiga sai in ƙasa ta kasa ko ta ƙi yin shari'ar da kanta. A Disamban 2020 mai gabatar da ƙararta Fatou Bensouda ta ce akwai dalilin bincikar Boko Haram da kuma jami'an tsaronmu. Hanyar rufe mata ƙofa ita ce a yi shari'ar a gida. Kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa da kanta ya tabbatar an binne mutum 347 a rami ɗaya bayan arangamar sojoji da mabiyan Zakzaky a Zariya a 2015, ya ba da shawarar a gurfanar da masu hannu. Rahoton gida ne, ba na Heg, mazaunin kotun ICC, ba.

Hajiyar Azare: Masu tambaya ta bayan fage kan yadda za a bi kuɗin ƙaramar hukuma, ga shi a nan kowa ya gani. Kason kowane wata ana wallafa shi, ofishin akanta janar na tarayya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa duk suna fitarwa, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Ka ɗauki adadin wata guda. Ka rubuta wasiƙa ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ba sai ka faɗi dalilinka ba. Kada ka ce “ina son bayanin kuɗaɗenku”, za a ce tambayar ta yi faɗi. Ka ce kana son kwafin takardar banki da ke nuna abin da ya shigo asusun ƙaramar hukumar a wata kaza, da jerin abin da aka cire kafin ya shigo. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a naka, don in babu hatimin nan ba ka da shari'a. Suna da kwana 7, za su iya ƙara 7 in sun sanar da kai a rubuce. Shiru daidai yake da ƙi. Daga nan kana da kwana 30 ka je babbar kotu, in ka wuce sai ka roƙi ƙarin lokaci. Tarar hana bayani ba bisa ƙa'ida ba naira 500,000 ce.

Na Toro: Hajiya, da can cewa suke dokar ta tarayya ce, ba ta hau kan jiha ba.

Barista Fadamar Mada: Wannan hujjar ta faɗi. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce dokar ta hau kan jihohi, a wata shari'a da ta taso daga Edo. A ambaci hukuncin a cikin wasiƙar tun daga farko. A kuma aika wa sakataren ƙaramar hukuma da ma'aji, a ba ma'aikatar ƙananan hukumomi kwafi, don kowannensu zai ce takardun na wajen ɗayan.

Ɗan Wunti: In wasiƙar ƙungiya ce ta rubuta, wa zai sa hannu? Kuma ƙungiyar da ba ta da rajista za ta iya zuwa kotu?

'Yar Misau: Marar rajista kada ta shigar da sunanta, za a kori ƙarar tun kafin a taɓa gundarinta. Mutum biyu ko uku su sa hannu da sunayensu a wasiƙar, su ɗin dai su zama masu ƙara. Sunan da ke kan wasiƙa ya zama shi ne a kan takardar kotu, harafi da harafi.